Fankar Mota: Ta Bel Ko Ta Lantarki?

Manoma da fatake masu kai kaya kasuwar Maigatari ran Alhamis, ga bazara ta matso, lokacin da mota kan tafasa a hanya.

Fankar bel injin ke juya ta. In mota ta shiga cunkoson kasuwa tana tafiyar hawainiya, fankar ma sai ta rage gudu, lagireto ya rasa iska. Ta lantarki kuwa ba ruwanta da gudun injin. Da ruwa ya kai wajen digiri 90 sai makunninta ya tashe ta, in ya huce ta tsaya.

Mai son canzawa ya kiyaye abu huɗu:

1. Kada a cire bel, gama a motoci da yawa shi ke juya famfon ruwa da dinamo.
2. A sa mata fiyus da waya mai kauri.
3. A tabbata iska na ratsa lagireto zuwa injin. In an sauya wayoyi, baya za ta hura.
4. A duba ƙarfin dinamo, kada ta cinye batir.

Wannan dabara ta akori-kura ce da ƙananan motoci. Babbar mota mai dakon shanu daga Gumel zuwa Kudu, a bar ta da fankarta ta bel, ta fi jan iska.