Ziyara a gidan tarihi na Yamai

Ranar hutu, iyaye sukan kai ƴaƴansu yawon buɗe ido a gidan tarihi na Bubu Hama, cikin birnin Yamai. An buɗe gidan a shekarar 1959.

A ciki akwai namun daji: zaki, da kura, da dorina, da kada. Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a jihar Agadas. Maƙera da dukawa ma suna nan suna sana'arsu.

Akwai kuma wani busasshen icce da aka adana. Shi ne iccen Tenere. A da, shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar hamada, ayari suna gane hanya da shi. A shekarar 1973, wani direba ya buge shi da babbar mota, ya faɗi. Gangancin mutum ɗaya ya kashe iccen da ya daɗe yana amfanin jama'a.

Yara, in kun je, ku kalla da ido. Kada ku jefi dabba. Kada ku sa hannu cikin keji. Kada ku karya reshe. Kada ku yi nisa da iyayenku.

Tambayoyi
1. Waɗanne dabbobi ake gani a gidan?
2. Mine ne amfanin iccen Tenere ga ayari?