Ɗan da Ya Ɗaga Hannu a kan Mahaifansa

  

Ya kai ɗan'uwana saurayi, darasinmu na wannan karo mai nauyi ne a baki, mai nauyi ne a kunne. Za mu yi magana ne a kan ɗan da ya kashe wanda ya haife shi. Na san za ka ce, a'uzu billahi, ni ina ruwana da wannan? To, dakata tukuna. Babu ɗaya daga cikin waɗanda za ka ji labarinsu da aka haifa da wuƙa a hannu. Kowanensu an goya shi, an yi masa suna da rago, kuma kafin ya ɗaga hannu sai da ya sami wata hujja a zuciyarsa wadda ta nuna masa cewa wannan tsoho ko wannan tsohuwa sun daina zama iyaye, sun zama abokan gaba. Hujjar nan ita muke so mu tone, domin tana shiga zuciya tun hannu bai motsa ba.

A cikin watan Agusta na shekarar 2022, a Ƙaramar Hukumar Gagarawa ta Jihar Jigawa, wani mutum ɗan shekara 37 ya ɗauki taɓarya ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa, tsofaffi biyu. Da aka kama shi bai musa ba. Cewa ya yi wai sun taɓa mutuncin Annabi, wai don addini ya yi. A watan Mayu na 2023 kuma, a cikin Kano, saurayi ɗan shekara 22 ya daddaɓa wa mahaifiyarsa wuƙa a cikin gidanta, ya gudu, 'yan sanda suka kamo shi, maganar ƙwaya ta fito a cikin bincike. Can Riyad ta ƙasar Saudiyya, a cikin Ramadan na 1437, watau Yuni 2016, wasu tagwaye samari da suka sha aƙidar ƙungiyar Da'ish suka kashe uwarsu da wuƙa, suka raunata ubansu da ɗan'uwansu. Cikin azumi fa! Mutum uku ke nan, ko ka ce huɗu, kuma biyu daga cikin labaran nan uku sunan addini aka kira a kansu.

Bari mu fara da mai sauƙin ganewa, watau kwaɗayi. Wannan tsohon ciwo ne. Kisra sarkin Farisa, wanda ya yayyaga takardar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗansa Shiruya ne ya sa aka kashe shi a shekara ta 628 Miladiyya, ya haɗa da 'yan'uwansa maza don kada a yi masa takara. Shekarar ba ta ƙare ba shi ma ya mutu. Kada ka ce ai waɗannan majusawa ne. Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa ya nuna alamar zai janye gadon sarauta daga babban ɗansa Muntasir ya ba ƙanensa Mu'utazzu. Sai dakarun Turkawa suka faɗa masa da dare a fadarsa kusa da Samarra, a watan Shawwal na 247 Hijira, suka sare shi tare da amininsa Fathu ɗan Haƙan, malaman tarihi kuwa sun kawo cewa da sanin Muntasir aka yi. Ya hau gado. Wata shida ya yi a kai, ya mutu yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Haka Ulug Beg sarkin Samarƙand, malamin taurari, ɗansa Abdullaɗif ya sa aka kashe shi a 1449, shi ma wajen wata shida ya yi aka kashe shi.

Ba ina ce maka akwai wani nassi da ya yanka wa mai wannan laifi wata shida ba ne. Babu, kuma kada ka hau mumbari ka faɗi haka. Abin da ya inganta shi ne hadisin Abu Bakrata da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, mai nuna cewa zalunci da yanke zumunta su ne suka fi cancantar a gaggauta wa mai su uƙuba tun a duniya, ban da wadda ke jiransa a lahira.

Kai ba ka da gadon sarauta, amma akwai gona, akwai shanu, akwai kuɗin babur da ka ce a sayar da fili a ba ka aka hana. To, ka sani Shari'a ta toshe wannan ƙofa tun da wuri. Wanda ya kashe ba ya cin gadon wanda ya kashe. A mazhabar Maliku, kamar yadda ɗan Abi Zaidin ya bayyana a cikin Risala, mai kisan ganganci ba shi da komai, ba a dukiya ba, ba a diyya ba. Mai kisan kuskure yana gadon dukiya amma ba ya taɓa diyya. Sa'an nan ɗa ana kashe shi saboda ubansa ko uwarsa idan magada suka nemi ƙisasi. Ko a dokar Final Kod ta Arewa, sashe na 221, hukuncin kisan ganganci kisa ne. Watau gonar da ya yi kisa dominta, wani ne zai nome ta.

Ƙwaya kuwa ba ta bukatar dogon bayani, kana ganinta a tasha da bakin kasuwa. Binciken da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna shan miyagun ƙwayoyi, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Yaro ya haɗiyi taramol don ya yi noma ba gajiya, gobe ya ƙara da wiwi, jibi ya zo neman kuɗi wurin uwarsa, domin ita kaɗai ce ba za ta kira masa 'yan sanda ba. Ka lura da wannan: uwa ce ke kusa, ita ke rufa asiri, don haka ita wuƙa ke fara samu. Wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa, malamanmu ba su ɗauke masa ƙisasi ba. Mahaukaci na gaskiya shi ne aka ɗauke wa alƙalami, shi kuma haƙƙinsa a kanmu magani ne. Idan ka ga ɗan'uwanka ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa Inna ce ta yi masa sammu ko Baba maye ne, to, a ɓoye wuƙa da adda da taɓarya, kada a bar shi da tsofaffi su kaɗai, a kai shi ga likita. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna. Addu'a da ruƙya ba su hana zuwa asibiti.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni tsoro a kanka, domin kai mai zuwa masallaci ne, mai zama a gaban malamai. Shaiɗan ya san ba zai same ka ta kwalba ba, sai ya biyo maka ta littafi. Ka karanta babi biyu, ka koma gida ka ga Baba yana wani abu da ka ji an ce kuskure ne, sai murya ta tashi, sai ka daina gaishe shi, sai ka daina cin tuwon gidan. Daga nan sai kalmar kafirtawa ta zo baki. Tagwayen Riyad ta wannan hanya suka bi. Ba a rana ɗaya suka kai ƙarshenta ba.

Mu nan Dirin Daji da sauran ƙasar Zuru maganar ta fi shafarmu fiye da mutumin Kano. A gida ɗaya sai ka sami Musulmi, ka sami Kirista, ka sami tsoho mai riƙe da al'adar kakanni. Da yawa cikinku iyayenku ko kakanninku ba Musulmi ba ne. To, me Allah Ya ce a yi da su? Duba Suratu Luƙman, aya ta 14 da ta 15. Allah Ya kawo mafi munin abin da iyaye za su iya yi, watau su dage a kan sai ɗansu ya yi shirka. Hukunci biyu Ya bayar a nan: kada a bi su a kan wannan, kuma a ci gaba da zama da su da kyautatawa a duniya. Babu na uku. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas uwarsa ta yi rantsuwa ba ci ba sha sai ya bar Musulunci. Bai bari ba, bai kuma taɓa ta ba. Asma'u 'yar Abubakar uwarta ta zo mata Madina tana mushrika, ta tambayi Annabi ko ta sadar da ita, ya ce ta sadar. Annabi Ibrahim, uban masu tauhidi, ubansa mai bautar gumaka ne har ya yi masa barazanar jifa. Karanta Suratu Maryam daga aya ta 42 ka ƙirga sau nawa ya kira shi babana. Sau huɗu a jere, ya kuma rabu da shi da sallama.

Amma hujjar da ta yanke magana ita ce ta Abdullahi ɗan Abdullahi ɗan Ubayyu. Ubansa shi ne shugaban munafukan Madina. A kan hanyar dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ ya yi wa Annabi baƙar magana wadda Allah da kanSa Ya tona a Suratul Munafiƙun. Babu shakka a kan laifin, babu ƙarancin shaida. Ɗan, wanda sahabi ne na ƙwarai, ya zo ya ce idan kashe shi za a yi, a umurce shi ya yi da hannunsa. Annabi ya hana, ya ce za a ci gaba da kyautata zama da shi. Da mutumin ya mutu ma, rigar Annabi aka ba ɗan ya yi masa likkafani da ita. To, wane ne kai, wane ne mutumin Gagarawa, da zai fi Annabi kishin Annabi? Ko da laifi ya tabbata a kan mutum, tsayar da haddi aikin alƙali ne da hukuma, bayan shaidu da bincike. Ba aikin ɗa ba ne a tsakar gida da taɓarya.

Ka ga Alƙur'ani bai tsaya jiran a kai ga duka ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23, daga ƙaramar kalmar ƙosawa aka fara hani, irin tsakin nan da kake ja in an aike ka kana kallon ƙwallo. Kuma a hadisin Abdullahi ɗan Amru da ke cikin Buhari da Muslim, da Annabi ya lissafa zagin iyaye cikin manyan zunubai, sahabbai mamaki suka yi, suka tambaya ko akwai mai zagin iyayensa. Abin bai shiga hankalinsu ba. Sai ya bayyana masu cewa mutum ya zagi uban wani ne a rama a kan nasa. Mu kuwa yau ashar da daƙuwa sun zama gaisuwar 'yan acaɓa, ana yi ana dariya. Wanda bakinsa ya saba da ambaton uwar wani ba kunya, ranar da ransa ya ɓaci a gida bakin nan ba zai canza ba.

Saura tambaya ɗaya da akan yi: wanda ya riga ya aikata, yana da tuba? Suratun Nisa'i aya ta 93 ta tara wa mai kashe mumini da gangan Jahannama, da fushin Allah, da la'ana, da azaba mai girma. Duk da haka mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ƙofar tuba ba ta rufe ba, in ya yi nadama ya miƙa kansa ga hukunci. Sai dai ka ji wannan. Buhari ya kawo a cikin Al'adabul Mufrad cewa wani ya kashe mace don ta ƙi aurensa, ya zo wa Ibnu Abbas yana neman mafita. Abin da ya fara tambayarsa shi ne ko uwarsa tana da rai. Da aka tambaye shi dalili, ya ce bai san wani aiki da ya fi kusantar da bawa ga Allah kamar bin uwa ba. Mai kisan wani yana da wannan ƙofa. Wanda ya kashe uwarsa shi ya rushe ta da hannunsa. A wani hadisin na Tirmizi, wani ya zo wa Annabi da babban zunubi, aka tambaye shi uwa ya ce babu, aka tambaye shi ko uwar tana da 'yar'uwa ya ce akwai, sai aka ce ya tafi ya kyautata mata.