Filin Nazari: Abin da Kundin Dostoyebski Ya Tona

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan fitowar a kan wani irin littafi ne da ba a saba gani cikin manhaja ba, wato kundin marubuci. Kundi shi ne littafin da marubuci yake zuba tunaninsa a ciki tun labari bai nuna ba: sunayen taurari, tsarin babi-babi, jimlar da ta faɗo masa da tsakar dare, da wadda ya rubuta ya soke. Don kansa yake yin sa. Amma idan marubucin ya shahara, masana sukan tattara waɗannan takardu bayan rasuwarsa su buga, kuma sai ka ga masu karatu na rububinsu kamar sabon labari. Me suke nema a cikin rubutun da mai shi ma bai gama ba? Bari mu duba misali ɗaya.

Fiyodo Dostoyebski, wanda za ku ga an rubuta sunansa Dostoevsky a littattafan Turanci, marubuci ne ɗan ƙasar Rasha. An haife shi a Mosko a 1821, ya rasu a 1881. Littafinsa da ya fi yin suna shi ne Crime and Punishment, wato Laifi da Hukunci, wanda ya fito kashi-kashi a wata mujalla cikin shekarar 1866. Labarin wani matashi ne mai suna Raskolnikof, wanda talauci ya raba shi da jami'a. Ya ɗauki gatari ya kashe wata tsohuwa mai karɓar jingina tana ba da bashi da ruwa, ya kuma haɗa da 'yar uwarta da ta shigo ba zato. Sauran littafin duk a kan abin da ya biyo baya ne a cikin zuciyarsa.

Kundaye uku ne suka rage daga aikin wannan littafi. An buga su a Rasha a 1931, sannan wani malamin jami'a, Edward Wasiolek, ya fitar da fassararsu ta Turanci a 1967.

Abu na farko da yake ba mai karatu mamaki shi ne bakin da aka fara ba da labarin. A darasin adabi an koya mana cewa labari kan zo ta bakin tauraro, kamar yadda Shaihu Umar yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko kuma ta bakin mai ba da labari da yake tsaye a gefe yana kallon kowa. Wanda ya karanta Laifi da Hukunci ya san ta hanya ta biyu aka bi. To, kundin ya nuna da ta farko aka soma. Mai kisan ne da kansa yake magana, yana cewa na yi kaza, na ji kaza. Dostoyebski ya gwada shi a matsayin abin da yaron yake rubutawa kullum bayan kisan, ya gwada shi a matsayin iƙirarin mai laifi, ya yi nisa sosai, sannan ya ajiye. Daga baya ya gaya wa wani abokinsa a wasiƙa cewa a ƙarshen Nuwamban 1865 ya ƙone abin da ya rubuta ya koma farko.

Ku tsaya ku auna wannan. Mutumin nan bashi ya yi masa katutu. Matarsa ta farko da wansa duk sun rasu a 1864, ya ɗauki basussukan wan nasa da nauyin iyalinsa. Labarin ma a wani masauki a garin Wisbaden na ƙasar Jamus ya fara shi, bayan caca ta cinye ɗan abin da yake hannunsa (wannan ɗabi'a tasa ba abin koyi ba ce, shi kansa ya sha wuyarta shekara da shekaru). Kowane shafi kuɗi ne a wurinsa. Duk da haka ya yarda ya yi asarar aikin watanni saboda ya ga hanyar ba za ta ɓulle ba.

Me ya sa ba za ta ɓulle ba? Bayan kisan, zazzaɓi ya kama Raskolnikof, ya kwana da kwanaki bai san inda kansa yake ba. Wanda yake cikin wannan hali yaya zai ba da labarin abin da ake yi a ɗakinsa, ko wa ya shigo, wa ya fita? Sannan akwai wuraren da dole mai karatu ya je alhali tauraron ba ya nan, kamar hirar mahaifiyarsa da ƙanwarsa da abokinsa Razumihin. Da marubucin ya koma cewa "ya yi" maimakon "na yi", sai ya sami damar shiga zuciyar yaron lokacin da ya so, ya fito ya dube shi daga waje lokacin da ya so. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a cikin kundin, domin a aji mukan haddace ma'anar salo ne kawai, nan kuwa ga mutum yana zaɓen salo a gaban idonmu, ga kuma abin da zaɓin ya ci masa.

Abu na biyu shi ne dalilin kisan. Mai karatu kan zaci marubuci ya san komai game da tauraronsa tun daga shafin farko. A kundin sai ga Dostoyebski yana ta kai da komo. Wani wuri yaron ya yi kisan ne don ya ceci mahaifiyarsa da ƙanwarsa daga talauci. Wani wuri don ya yi alheri ga jama'a da dukiyar tsohuwar. Wani wuri kuma girman kai ne da son iko, yana so ya gwada ko shi yana cikin manyan mutanen da doka ba ta hawa kansu, irin su Nafoliyon. Marubucin bai zaɓi ɗaya ya zubar da saura ba. A littafin da aka buga, lokacin da Raskolnikof yake faɗa wa Soniya abin da ya aikata, sai ya kawo wannan dalili ya rushe shi, ya kawo wancan. Ruɗanin da ya addabi marubucin shi ya zama ruɗanin tauraron, kuma shi ya sa yaron ya yi kama da mutum na gaske.

Ƙarshen labarin ma ya sauya. A wani wuri cikin kundin an tsara cewa Raskolnikof zai harbe kansa. A littafin kuwa ya kai kansa ga 'yan sanda, aka yanke masa shekara 8 a Saiberiya, Soniya ta bi shi can. Dostoyebski ya san wannan wuri da ƙafarsa, domin shi ma ya yi shekara 4 a kurkukun Omsk bayan an kama shi a 1849.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da masu karatu suke jin daɗinsu: zanen fuskoki a gefen shafi, zanen tagogi, kalma ɗaya da ya yi ta maimaitawa da kyakkyawan rubutu yayin da tunani ya tsaya, da lissafin kuɗi a tsakiyar tsarin babi. Wanda littafinsa na lissafi yake cike da zane a bango na baya zai gane wannan.

Sai dai a yi hattara. Kundi ba ya maye gurbin littafi. Wanda bai karanta labarin ba, idan ya buɗe kundin, guntayen jimloli zai tarar da sunayen da aka canza daga baya, ba zai fahimci komai ba. Haka kuma abin da marubuci ya soke ya soke shi ne da dalili, saboda haka a jarrabawa abin da yake cikin littafin da aka buga shi ne hujja. Wasu ma suna ganin bai dace a leƙa takardun da mutum ya rubuta wa kansa ba, kuma maganarsu abar dubawa ce. Ni dai na fi karkata ga masu bugawa, tunda matarsa ta biyu, Anna, ita ta adana takardun da kulawa bayan rasuwarsa.

Ga aikin wannan fitowar ga 'yan kulob da duk mai sha'awa. Ka rubuta sakin layi ɗaya a kan ɗalibin da ya tsinci kuɗi a aji ya ɓoye, ta bakinsa shi kansa. Sannan ka sake rubuta shi ta bakin mai kallo daga gefe. A ƙasa ka faɗi abin da ka samu da abin da ka rasa a kowanne. A miƙa wa edita duka biyun tare da takardar gwajin farko, da soke-sokenta da komai, kada a yage ta.