Kwana Uku a Gidan Ƙasa na Agadas

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini za ka Agadas kwana uku, kuma guzurinka bai kai na manyan otal ba, shi ya sa ka kama ɗaki a wani masauki mai rahusa cikin tsohon gari. Kada abin ya dame ka. Ni ma irin gidajen nan nake sauka a zamanin da nake zuwa sarin gishirin Bilma, kuma har yau ina kewarsu.

Kafin ka sauke jaka, ku daidaita da mai gida kan kuɗi, ka ji ko har da karin kumallo. Sai ka ce a nuna maka ɗakin. Ka ɗaga kai ka dubi azara; in ka ga hanyar gara ko ƙasa tana zubowa, ka roƙi a canza maka cikin lalama. Ka tambayi lokacin da famfo ke kawo ruwa, ka cika bokiti da wuri. Tocila ta kwana kusa da kai, da safe kuma ka kakkaɓe takalmi saboda kunama.

Amma abin da ya sa na kira ka shi ne bango. Bangon tubali mai kauri a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya yi yake sakinsa. Shi ya sa za ka tarar da ɗaki da sanyi da azahar, da dare kuwa, in bazara ce, ka ga ana hawa saman soro da tabarmi. Bi su, ka kwana a can. Wannan bangon ya riƙe iyali tun kafin a haifi kakanka, kuma babu abin da ke kashe shi kamar ruwa. Kada ka yi alwala a gindinsa, kada ka watsa ruwan wanki inda ba magudana. Na taɓa ganin baƙo ya bar famfo a buɗe da dare, ruwa ya dawo kowa na barci. Da safe mai gidan ya tsaya yana shafa jiƙaƙƙen yaɓe da tafin hannu, bai ce uffan ba, ni kuwa zuciyata ta yi nauyi. Ka tuna yadda damina ta kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram a 2024.

In la'asar ta yi sanyi, ka taka zuwa babban masallaci, kusa da fadar Sarkin Abzin. Hasumiyarsa mita 27 ce, ta ƙasa zalla, an fara ɗaga ta wajen 1515 aka sake ginawa a 1844. Itatuwan da za ka ga sun leƙo daga jikinta, a kansu magina ke takawa lokacin yaɓe. Da wannan hidima ta tsaya, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ka ce kuma a kai ka gidan da Bature Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka a 1850.

A masaukin kuwa, ƙofofin gajeru ne, ka riƙa sunkuyawa. Ka yi sallama a zaure ko da ka biya kuɗi, domin sau da yawa iyalin mai gida suna ciki. Ranar tafiya ka naɗe shimfiɗarka, ka ba yaron da ke ɗebo ruwa ɗan abin goro. In za ka taho, ka riƙo mini cuku da dabino. Allah ya kiyaye hanya.