Darasi Ga Masu Inji: Giris Da Kayan Ɗura Shi

A yau da wuya a sami ƙauyen da babu inji. Akwai injin niƙa, akwai injin casar shinkafa, akwai na sussukar masara. Ga tarakta, ga amalanke. Mutane da yawa sun sayar da shanu ko sun ci bashi kafin su mallaki waɗannan kaya. Idan inji ya tsaya lokacin kaka, mai shi ya yi asarar ciniki. Mata kuma su koma ga turmi, ko su aika yara wani gari da ƙwaryar niƙa a ka.

Sau da yawa ba wani babban abu ne ke tsayar da inji ba. Rashin giris ne, ko giris mai datti, ko giris da ya yi yawa. Wannan darasi zai bayyana kayan da ake ɗura giris da su, da yadda ake aiki da kowanne.

Me ya sa inji ke bukatar giris?

Idan mutum ya goga tafin hannunsa da ƙarfi zai ji zafi. Haka ƙarfe yake idan yana gogar ɗan'uwansa. Yana yin zafi, yana cinyewa, daga baya ya kama ko ya karye. Wurin da wannan ya fi faruwa shi ne boris, wato zoben nan mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe wanda sandar inji ke juyawa a cikinsa. Akwai kuma gaɓoɓin sitiyarin tarakta da gindin ƙafar amalanke.

Aikin giris uku ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su cin juna. Yana toshe ƙofa ya hana ƙura da ruwa shiga. Yana kuma hana tsatsa.

Mene ne giris?

Giris mai ne da aka haɗa da wani irin sabulu don ya yi kauri. Mafi yawan abin da ke cikinsa mai ne. Sabulun yana riƙe man kamar yadda soso ke riƙe ruwa, yana sakinsa kaɗan-kaɗan yayin da ƙarfe ke juyawa. Shi ya sa giris ke zama inda baƙin mai zai tsiyaye.

Ana ba giris lamba bisa ga kaurinsa, daga 000 zuwa 6. Ƙananan lambobi suna da ruwa-ruwa, manya suna da tauri. Lamba 2 ita aka fi amfani da ita a injinan gona da motoci. Wanda aka rubuta Lithium a jikin gwangwaninsa yana jure zafi da ruwa, yana kuma dacewa da yawancin ayyuka.

Shafa giris a bayan ƙarfe ba ya amfanin komai, sai ma ya tara ƙura. Dole ya isa can ciki inda ake gogayya. Wannan shi ne dalilin da ya sa aka ƙera kayan ɗura shi.

Kofin giris

Wannan shi ne mafi sauƙi. Wani ɗan kofi ne na ƙarfe, an ɗaura shi a bisa gidan boris. Yana da murfi mai zare irin na noti, a ƙasansa kuma akwai ɗan rami da ya ratsa zuwa ciki. Ana ganinsa a tsofaffin injinan Lister, da manyan famfunan ruwa da bel ke juyawa, da wasu injinan niƙa.

Ga yadda ake aiki da shi. A goge bayansa da tsumma. A kwance murfin, a cika shi da giris, a mayar. Duk lokacin da aka murɗa murfin, yana matse giris ya tura shi cikin ramin. Ba a murɗe shi gaba ɗaya a rana guda. Rabin zagaye ko zagaye ɗaya ake yi kafin a fara aiki. Ran da murfin ya kai ƙarshe ya ƙi murɗuwa, giris ya ƙare ke nan, sai a sake cikawa.

Kofin da murfinsa ya ɓata ya zama ƙofar yashi. Kada a toshe shi da tsumma ko leda a ci gaba da aiki. A nemi wani murfin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nonon giris da famfon giris

Yawancin injinan yanzu ba kofi gare su ba. Suna da wani ɗan ƙarfe mai kama da kan nonon akuya, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba. Shi ne nonon giris. A bakinsa akwai 'yar ƙwallo, a bayanta akwai ɗan sifirin. Idan aka turo giris da ƙarfi, ƙwallon tana matsawa ciki, giris ya wuce. Da an daina turawa sai sifirin ya maido ta, ta rufe bakin. Ta haka giris ba ya dawowa, ƙura kuma ba ta shiga. A shekarar 1929 wani injiniya mai suna Oscar Zerk ya yi rajistar wani irin nonon giris a Amurka, kuma har yau a can da sunansa ake kiran abin.

Abin da ke tura giris cikin nonon shi ne famfon giris. Turawa suna ce masa bindigar giris saboda siffarsa. Yana da doguwar gwangwani inda giris ke zama, da hannu da ake dannawa, da bututu mai baki wanda ke kama nonon. A cikin gwangwanin akwai babban sifirin da ke tura giris gaba. Ana cika shi daga bokitin giris, ko a sa masa giris na cikin kwali wanda ake sayarwa a rufe, mai nauyin giram 400. Na cikin kwali ya fi tsabta, domin hannu ba ya taɓa shi. Dannawa ɗaya tana fitar da kimanin giram ɗaya ko sama da haka kaɗan.

Yadda ake ɗurawa

1. A kashe inji, a jira komai ya tsaya cak.
2. A goge nonon giris da tsumma mai tsabta. Idan ba a goge ba, famfo zai tura ƙurar da ke bakin zuwa cikin boris.
3. A danna famfo sau ɗaya a waje, a goge giris ɗin da ya fito, domin shi ma yakan ɗauki ƙura.
4. A kafa bakin famfo a kan nonon, a miƙe, har ya kama.
5. A danna a hankali, ana ƙirgawa.
6. A karkata bakin famfo gefe a cire shi. Kada a fizge.
7. A goge giris ɗin da ya fito waje.

Idan hannun famfo ya yi tauri giris ya ƙi shiga, kada a tilasta. Mai yiwuwa tsohon giris ya daskare a ciki. A kwance nonon da sifana, a wanke shi da kananzir, ko a saya sabo. Idan kuma hannun ya yi sako-sako babu abin da ke fitowa, iska ce ta shiga. A ɗan sassauta kan famfon, a danna har iskar ta fita, sannan a ɗaure.

Nawa ne ya isa?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna zaton yawan giris shi ne lafiyar inji. Wuraren giris iri biyu ne, kuma kowanne da ƙa'idarsa.

Na farko su ne gaɓoɓi masu motsi a hankali, kamar na sitiyarin tarakta da wuraren da ake rataya garma. A nan ana ɗurawa har sai sabon giris ya leƙo daga gefe. Sabon yana koro tsohon mai datti.

Na biyu shi ne boris mai gudu, kamar na sandar injin niƙa. Wannan ba ya son cika. Idan aka cika shi maƙil, ƙwallayen suna ta kaɗa giris kamar yadda ake kaɗa nono, sai ya yi zafi, man ya rabu da sabulun ya tsiyaye. Ƙarfin famfo kuma yana iya fasa robar da ke tsare bakin boris. Ga ƙaramin boris, dannawa biyu ko uku ta isa. Idan an kwance shi an wanke ana sa giris da hannu, kada giris ya wuce kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin wurin da ke cikin gidansa.

Akwai kuma boris da ake rufewa tun daga masana'anta, da roba ko ƙarfe a gefe biyu. A ƙarshen lambarsa ana rubuta 2RS ko ZZ. An riga an sa masa giris, ba a ƙara masa. Idan ya lalace canja shi ake yi. Haka nan ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur galibi ba su da wurin giris. Abin da suke bukata shi ne a riƙa duba baƙin mai ana canja shi.

Yaushe ake ɗurawa?

Ba a jira sai inji ya fara kuka. Kukan boris alama ce ɓarna ta riga ta fara. Masu ƙera inji suna ƙirga lokaci da awoyin aiki. A tarakta wasu wurare suna bukatar giris bayan kowace awa 10, wasu bayan awa 50. Littafin da ya zo da injin shi ne ke faɗin wurare da lokutansu. Wanda bai iya Turanci ba ya kai littafin wurin malamin gona ko malamin yaƙi da jahilci a karanta masa.

Lokacin hunturu ƙura tana yawa, haka nan wurin casa da sussuka. Ƙura idan ta haɗu da giris tana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Saboda haka a irin wannan lokaci a matso da ranakun giris kusa. Bayan an ratsa ruwa ko taɓo da damina, ko an wanke tarakta, a sake ɗurawa.

A nan ne karatu ke da rana. Mai inji ya sami ɗan littafi, ya rubuta wuraren giris duka da lamba. Duk ranar da aka ɗura ya rubuta kwanan wata da yawan dannawa. Ko yaron inji ne ke yin aikin, maigida zai san abin da aka yi da wanda aka tsallake.

Masu ɗurawa da kansu

A da jiragen ƙasa sukan tsaya a hanya don a zuba wa ƙarafansu mai. A shekarar 1872 wani baƙar fata mai suna Elijah McCoy ya yi rajistar wani kofi a Amurka, wanda ke ɗiga mai da kansa inji yana tafiya. An haife shi a Kanada, inda iyayensa suka gudu daga bauta. Nasa kofin na mai ne, amma irin wannan dabara ce ake bi a giris.

Akwai kofin giris mai sifirin a ciki, wanda ke danna giris a hankali dare da rana. Akwai mai batir ko mai iskar gas, wanda ake saita shi ya ƙare cikin wata 1 zuwa wata 12. A manyan motoci da katafila da masana'antu, akan sa tanki ɗaya da famfo ɗaya, ƙananan bututu su kai giris ko'ina. Duk da haka sai mutum ya riƙa dubawa, domin tanki yana ƙarewa, bututu yana toshewa.

A yi hattara

Kada a kusanci bel yana juyawa da babbar riga ko mayafi.

Kada a ɗora yatsa a bakin famfon giris ana dannawa. Ƙarfinsa yana iya huda fata ya tura giris cikin nama. Ciwon yakan yi kamar ba komai ba, amma yana iya jawo a yanke yatsa. A tafi asibiti nan take.

Kada giris ya taɓa bel ko birki, domin santsi za su yi. A injin niƙa a kula kada ya zuba cikin gari ko markaɗe, ba abin ci ba ne.

Kada a gauraya giris iri biyu. Wasu idan sun haɗu suna narkewa su tsiyaye. Tsohon baƙin mai da man ja da man kaɗanya ba sa maye gurbin giris a boris.

A riƙa rufe gwangwanin giris, a ajiye shi a inuwa inda yara ba sa kaiwa. Kada a ɗebo shi da kara ko itace daga ƙasa.

Kuɗin gwangwanin giris bai kai kuɗin sabon boris da ladan makanike da cinikin kwanakin da inji zai yi a kwance ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don aji

1. Waɗanne ayyuka uku giris ke yi?
2. Me ya sa ake goge nonon giris kafin a ɗura?
3. Me ke faruwa idan aka cika boris mai gudu maƙil?
4. Wane irin boris ne ba a ƙara masa giris?
5. Kowane ɗalibi ya ziyarci wani inji a garinsu bayan an kashe shi, ya ƙirga wuraren giris, ya rubuto su a littafinsa.