Me Ya Sa Muryar Jita Ke Kaucewa Idan An Maƙala Mata Kapo?

Wanda ya taso daga Rijiyar Lemo ya ratsa Fagge zuwa Sabon Gari ranar Lahadi, ba zai rasa jin amon jita daga majami'u ba. Makaɗanta suna da wani ɗan matsi da ake kira kapo, wanda suke maƙalawa a wuyan jitar ya danne tsirkiyoyi 6 gaba ɗaya, domin muryarta ta ɗaga ta dace da ta mawaƙi. Sai dai sau da yawa jitar da aka saita tsaf takan fara tsami a kunne da zarar an maƙala shi.

Tun a shekarar 1636 wani masani Bafaranshe, Marin Mersenne, ya bayyana cewa abubuwa 3 ke ƙayyade yawan girgizar tsirkiya cikin daƙiƙa ɗaya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin jan da aka yi mata. Masu ƙera jita sun jera ƙananan ƙarafa a gicciye a wuyanta bisa lissafin tsawo. In tsirkiya santimita 65 ce, ƙarfe na farko yana wajen santimita 3.6 daga inda ta soma, na 12 kuwa a tsakiya. Wannan lissafi ya ɗauka cewa ƙarfin jan ba zai sauya ba.

To, a nan gizo ke saƙa. Kapo yana lanƙwasa tsirkiya a bayan ƙarfe, ya tura ta wajen katako, sai ta ƙara miƙewa, jan ya ƙaru. Ƙarin kashi 2 cikin 100 na ja yana kawo ƙarin kusan kashi 1 cikin 100 na girgiza. Alal misali, tsirkiya ta biyar tana girgiza sau 110 a daƙiƙa. Da kapo a ƙarfe na 2 ya kamata ta koma 123.5, amma da wancan ƙari sai ta kai 124.7. Da a ce duk shidan tare suke tashi, da kunne bai damu ba. Galibi masu kauri sun fi sirara tashi, sai jituwarsu ta ɓaci. Da damina ma abin yakan ƙaru, domin katako ya sha laima ya kumbura, tsirkiyoyi sun yi nesa da ƙarafan.

Magani shi ne a sa kapo dab da bayan ƙarfe, ba a tsakiyar ƙarafa biyu ba, a matse shi gwargwadon da zai hana zuzar sauti kawai, sannan a sake saiti bayan an maƙala.

Mai garaya bai san wannan wahala ba, haka marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Wuyan kayansu ba ƙarafa, in murya ta kauce sai a gusar da yatsa kaɗan.

Malami zai iya nuna wannan a aji: ya ɗaure waya a kan katako, ya tokare ta da ƙusoshi 2 a kwance, ya rataya bokiti a ƙarshenta, ɗalibi ɗaya yana zuba ruwa a hankali, wani yana kaɗa wayar, sauran suna saurare.