Amsoshin Tambayoyinku: Alhakin mai kare a Ingila

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: wai da gaske ne a Ingila ana hukunta mutum saboda karensa?

Ƙwarai kuwa, Malam. Wata doka ta 1991 ta ɗora laifi a kan mai kare, ko wanda ya fita da shi, muddin karen ya ƙwace ya yi ɓarna. Ba ruwanta da girma: ɗan mitsitsin kare ma yana kai ubangidansa kotu. A ganinmu masu ƙananan sun fi sakaci, sukan sake su suna tsokanar manya. Irin karnukan da ake kira XL Bully kuwa, tun ƙarshen 2023 ba a fita da su sai da igiya da takunkumi. Idan kare ya kashe mutum, ɗaurin yana iya kai shekara 14.